Aminin mahaifina ya yi min kyauta, yanzu takardarsa ta iso kwamitinmu

Sabuwar Kansila: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, abin ya hana ni barci. A watan Mayu aka zaɓe ni kansila a wata ƙaramar hukuma a nan Ingila, aka sa ni cikin kwamitin da ke ba da izinin gine-gine. Akwai wani dattijo, aminin marigayi mahaifina, Baba nake ce masa tun ina ƙarama. Mako uku da suka wuce ya aiko min da agogon hannu don taya ni murna, ya kuma kai ni da maigidana kallon ƙwallo a ɗakin manyan baƙi. Ban kawo komai a raina ba, don tun kafin in san siyasa yake mana alheri. Jiya ina duba ajandar zaman wata mai zuwa sai ga sunan kamfaninsa, yana neman izinin mayar da wani tsohon shago gidajen haya. Gabana ya faɗi. Shin dole ne in rubuta kyautar a rajistar da kansiloli ke bayyana kyaututtukan da aka ba su? Kowa na iya karanta ta a intanet, kuma ina jin nauyin ya ga sunansa a ciki kamar wanda aka kama da laifi.

Wani Lauya: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Yau ɗin nan ki buɗe kundin ɗa'ar kansiloli na hukumarku, domin dokar Localism ta 2011 ta bar wa kowace majalisa ta tsara nata. Da yawa suna bin samfurin da ƙungiyar ƙananan hukumomi, LGA, ta fitar a 2020. Ya ce duk kyauta ko karramawar da ta kai fam 50 a sanar da jami'in sa ido, wato jami'in majalisa mai kula da ɗa'ar kansiloli, cikin kwana 28 da karɓarta. Wasu majalisun har yanzu fam 25 ne ma'auninsu. Kin ce mako uku, ke nan saura miki kamar kwana bakwai.

Gaskiya ne samfurin bai nemi a rubuta kyautar dangi da abokai wadda ba ta shafi muƙami ba. Amma taki don murnar zama kansila aka yi ta, kuma mai ita yana neman izini a hannunku. Irin wannan mutum samfurin ya ce kada ma a karɓi kyautarsa, komai ƙanƙantarta, in dai mai hankali zai iya zargin ana neman karkatar da ke.

Sai abin da ya fi rajistar nauyi. Ranar da za a duba takardarsa, ki bayyana alaƙarku a gaban kwamiti ki fita daga zauren. In kika zauna kika kaɗa ƙuri'a, maƙwabcin da bai so ginin ba zai iya zuwa kotu ya ce an yi son kai, a soke izinin. Kin ga a nan Baban ne zai yi asara, bayan kuɗi da lokacin da ya kashe.

Uwar Marayu: Ni dai wallahi abin ya taɓa ni. Mutum ya riƙe zumuncin ubanki bayan ƙasa ta rufe masa ido, shi ke nan don kin samu kujera sai ya zama abin tuhuma? Ki rubuta tunda doka ce, ban hana ki ba. Amma 'yata, kada ki kuskura ki mayar masa da agogon ta hannun ɗan aike, kada kuma ki bari ya tsinci labarin a intanet. Ki taka da ƙafarki har gidansa, ki gaishe shi, ki faɗa masa da bakinki.

Almajirin Malamai: Hajiya, zuciyarki mai kyau ce, amma ba sharri ake wa dattijon ba. Mu tuna hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaya me ya sa bai zauna a gidan uwarsa da ubansa ba ya ga ko za a kawo masa kyautar. Tambayar da za ki yi wa kanki ke nan, malama: da kin faɗi zaɓe, da agogon da ɗakin manyan baƙin sun zo? Wataƙila da sun zo. To amma mutanen mazaɓarki ba su san shekarun da kuka yi tare ba, abin da suka gani kawai za su auna.

Tsohon Kansila: Ƙanwata, na yi wa'adi biyu a kan irin kujerarki. Rubutawa ba ta taɓa kunyata ni ba, ɓoyewa ce na ga tana kunyata mutane, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Har kyautar da na ƙi karɓa nakan rubuta, samfurin LGA ma ya nemi haka in babba ce. Sai dai kada ki ɗauka rajista sabulu ce mai wanke komai. Robert Davis na majalisar Westminster ya yi shekara 17 yana shugabantar kwamiti irin naku. A 2018 jaridar Guardian ta fito da cewa ya karɓi kyauta da karramawa fiye da sau 500 cikin shekara uku, wasu daga masu harkar gine-gine. Rubutawa yake yi, daga rajistar ma aka ƙirga, duk da haka bincike ya same shi da saɓa kundin ɗa'a, ya ajiye muƙaminsa.

Game da tikitin, kuɗin da ake sayar wa kowa shi za ki sa, naki da na maigidanki. Agogon kuwa, in mayarwa za ta yi miki nauyi, ki tambayi jami'in ko za a iya miƙa shi ga asusun taimako na magajin gari. Kuma daga yau kada ki yi maganar ginin da Baba, kada ki roƙar masa alfarma wajen sauran kansiloli ko ma'aikata, ko da cikin raha ne. Dokar cin hanci ta 2010 ɗaurinta na kaiwa shekara 10. Ban ce kin kusa da nan ba, amma daga ƙaramar alfarma ake farawa.

Sabuwar Kansila: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba kundinmu, fam 50 ne da kwana 28, kamar yadda Lauya ya faɗa. Yanzun nan na aika wa jami'in sa ido da saƙo, na sa ranar, sunan Baba, agogon da tikiti biyu, na kuma gaya masa ba zan zauna a kan takardar ba. Hajiya, gobe bayan la'asar zan je gidansa tare da maigidana. Ki taimaka min da kalmar da zan buɗe maganar da ita, don har yanzu in na tuna fuskarsa sai bakina ya yi nauyi.