Neman sunan Hausa ga sailej

Mai fassara: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa fassarar wani darasin kiwo a kan abin da Turawa ke kira sailej, wato ɗanyar ciyawa da ake yanka, a bar ta ta rage ruwa, sannan a danne a rufe ta ruf har ta yi tsami. Ina neman sunanta, da kuma sunan wannan rage ruwan.

Malamin kiwo: Wa alaikumus salam, Malama. Rage ruwan sunansa yaushi. Kada ki rubuta bushewa, domin abin da ake nema shi ne ruwan jikinta ya sauka zuwa kamar kashi 70 cikin 100, galibi a kwana guda, yadda sukarinta zai tattaru, ƙwayoyin bakteriya da ke samar da tsami su yi rinjaye. Wadda ta bushe sarai ingirici ce, ba ta dannuwa, iska ta shige ta, ta yi fumfuna.

Manazarci: Ni dai tuntuni na ƙirƙiro "tsamciya", daga tsami da ciyawa. Abin kunya ne harshe mai miliyoyin masu magana ya riƙa aron sailej.

Mai gabatar da shiri: Ranka ya daɗe, wa zai gane tsamciya idan ya ji ta a rediyo? A ce ruɓaɓɓiyar ciyawa kawai.

Malamin kiwo: A'a, wannan kuskure ne mai haɗari. Ruɓewa ita ce ainihin abin da ake gudu. Idan aka zuba takin naitirojin da yawa, aka kuma yi yanka kafin ciyawar ta gama amfani da shi, sukarinta yana raguwa, tsamin ya yi jinkirin kamawa. In kuma jiƙaƙƙiya aka rufe, sai miyagun ƙwayoyin bakteriya su lalata furotin ɗinta, ta yi wari, shanu su rage ci. Dole darasin ya bambanta wadda ta tsimu da wadda ta ruɓe.

Manazarci: Amma ga shi kun karɓi naitirojin da furotin ba gardama, tawa kaɗai kuka ƙi.

Mai fassara: Na gode muku duka. Zan rubuta "tsimammiyar ciyawa", in sa yaushi a matakin farko, in ware ruɓewa ga wadda ta lalace.

Manazarci: Ta yi tsawo, amma a bar ta haka saboda lokaci ya ƙure miki. Batun tsamciya kuwa ban janye shi ba.