Muhawara: Gado ne ke yanke wa 'yar tsere iyakar juriyarta?

Koci: Ana ta yaɗa cewa mace in ta yi wata uku tana atisaye juriyarta ba ta motsa ba, to a jininta yake, a haƙura. Na yarda da rabin maganar. A binciken HERITAGE da Claude Bouchard ya jagoranta, mutum 481 daga iyalai 98 sun yi mako 20 a kan keken atisaye, sau uku a mako. Iyakar oksijin da jiki ke sarrafawa, wato VO2max, ta ƙaru da kusan mililita 400 a minti ga matsakaici. Wasu kusan babu, wasu sun haura 1,000. Gado ya ɗauki kashi 47 cikin ɗari na bambancin.

Malamin kimiyyar motsa jiki: Koci, waɗancan ba 'yan wasa ba ne, mutane ne da ba sa motsa jiki. Kuma 47 ɗin bambanci ne tsakanin jama'a, ba hukuncin mace ɗaya ba. A 2017 masu bincike Montero da Lundby sun ƙara wa waɗanda "ba sa amsawa" awa biyu na atisaye a mako, kowa ya amsa.

Koci: Maza zalla suka gwada, Malam.

Malamin: Na karɓa. Giɓin ke nan.

Likitar 'yan wasa: Ku dakata. Kafin a ɗora wa gado laifi, a auna jini. Al'ada na zubar da sinadarin ƙarfe kowane wata, ga gumi, ga dukan ƙafa a ƙasa da ke fasa jajayen ƙwayoyin jini. Feritin, wato ma'ajiyar ƙarfe a jiki, in awonsa ya faɗi ƙasa da 30, abin gina himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, ya yi ƙaranci, ko da awon himoglobin ɗin bai sauka ƙasa da giram 12 ba tukuna. Bayan gudu mai tsanani kuma hefsidin, wani sinadari da hanta ke fitarwa, na tashi cikin awa 3 zuwa 6 ya toshe shigar ƙarfe ta hanji, sai a sha ƙwayar maganin ƙarfe a wannan lokacin a ce ba ta aiki. Na biyu, abinci: in al'ada ta ɗauke wata uku, yunwar makamashi, wato cin abincin da bai kai buƙatar jiki ba, za a fara zargi.

Koci: To gwajin ACTN3, ƙwayar halittar gado da ta shafi tsoka, fa, Likita? A Ostareliya, 2003, an ga wani nau'inta da ake kira XX ya fi yawa cikin mata masu juriya.

Likitar: Kusan mutum ɗaya cikin biyar a duniya XX ne. Nawa ne cikinsu zakarun gudun famfalaƙi?