Iska ta yaye mana kwanon azuzuwa biyu, ya za mu yi?

Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. An ɗora min shugabancin PTA, ƙungiyar iyaye da malamai, a firamaren unguwarmu nan Daura, sai ga shi iskar farkon damina ta yaye kwanon azuzuwa biyu, yanzu 'yan aji uku da huɗu an cusa su ɗaki ɗaya wasu a ƙasa wasu kan taga. Na ce a yanka wa kowane uba wani abu, hedimasta ya ce shi ba ruwanshi, doka ta hana karɓar kuɗi hannun yara. Iyaye kuma da an ce kuɗi sai a hau cewa na baya ina suka shiga. Mi ya kamata in yi?

Tsohon malami: Wa alaikumus salam. Hedimasta na da gaskiya Malam, dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne, in aka kori yaro kan kuɗi shi za a tuhuma ba kai ba. Ku tada SBMC ɗinku, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, shi ba na iyaye kaɗai ba ne, akwai wakilin mai unguwa ko dagaci, liman, mata, tsofaffin ɗalibai, har masu sana'ar hannu. Ku ɗauki hoton ajin, ku rubuta takarda zuwa ga ES, wato sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ya tura SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar Katsina, ku riƙe kwafi, kuma ku riƙa bibiya don takarda ba ta tafiya da ƙafarta.

Wata uwa: Baban yara ku daina raina mu mata wallahi. Mu a Katsina ƙungiyar iyaye mata ce ta sayi tabarmi da randunan ruwa da kuɗin adashi, ba a tilasta ma kowa ba.

Kafinta: Alhaji kar ka ce kuɗi, ka ce kaya. Wani zai kawo kwano falle biyu, wani katako, wani ƙusa, mu kuma aikin mu yi shi sadaka. Liman ya sanar bayan Juma'a, duk abin da aka kawo a rubuta a manna a ƙofar ofis kowa ya gani.

Wani matashi: To ita gwamnati aikin mi take?

Tsohon malami: Ɗana a matsa mata lamba, amma ruwan Agusta ba zai jira kwangila ba. Malam, in kuɗi suka shigo a buɗe asusun banki, mutum biyu ko uku ke sa hannu, kar ka kuskura ka aje ko sisi a aljihunka.