Wace hidima ake fara ajiyewa idan aiki ya yi yawa?

'Yan'uwa cikin Almasihu, ina neman shawararku. Lahadi da ya kamata a huta ita ta fi cika: sujada, koyar da yara, taron kwamiti, ziyarar marasa lafiya. Tsakiyar mako kuma ga nazarin Littafi Mai Tsarki da koyon waƙa bayan an tashi aiki.

Keɓe minti 30 da asuba don addu'a, waya a kashe, ba ya ɗorewa. Muddin aka kwanta bayan ƙarfe 11, barci ke cinye lokacin. A Markus 6:31 Yesu ya janye almajiransa su huta, don ko zarafin cin abinci ba su samu ba. To, wacce ake fara saukewa? Yaya kuma za a faɗa wa fasto kada ya ɗauka bangaskiya ce ta yi sanyi?