Likitan Fata: Ta Waya Ko Ido Da Ido?

Shugaban zaure: Salamu alaikum. Jiya an ce a nan wai masu ciwon fata sun fi gamsuwa da ganin likita ta waya, tunda fata a waje take, hoto ma ya wadatar. Wasu sun ce sam. Bismillah.

Maman 'Yan Biyu: Ni na faɗa, kuma ban janye ba. Ƙurajen fuska suka addabe ni, tun kullen korona a 2020 nake tura wa likitata hoto. Maganin ƙuraje sai ya yi wata 2 zuwa 3 kafin a ga aikinsa. To don me zan bar aiki in kashe rabin yini a layi, a kalle ni minti biyu a ce in ci gaba da shafawa? A bakin taga nake tsayawa in ɗauki hoto uku, gaba da gefe da gefe, kafin dare ta amsa.

Nas: Anti, ke ai an riga an san ciwonki, bibiya kawai ake yi. Ganin farko daban ne.

Kawu: Bari in ba ku nawa. Wani zagayayyen tabo ya fito min a cinya yana ƙaiƙayi. Na ɗauka da dare a hasken ƙwan ɗaki, hoton duk dishi-dishi, na tura. Aka ce borin fata ne, aka rubuta min man shafawa mai sitiroyid, sinadarin da ke kwantar da kumburi da ƙaiƙayi. Kwana uku ƙaiƙayi ya tsaya cak. Da suka turo tambayar ko na gamsu, tauraro biyar na danna har da godiya. Ashe makero ne. Man ya kwantar da ƙaiƙayin, ƙwayar cutar kuwa ta samu sarari ta bazu har gwiwa. Sai da na je aka kankari bakin tabon, aka duba a madubin hangen ƙwayoyin cuta, sannan aka gano. Taurarina biyar suna nan a lissafinsu har yau.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya ƙara sauƙi Kawu, amma wannan laifin hotonka ne. Likitan da ya san aikinsa cewa zai yi a sake ɗauka da rana.

Nas: Ko hoton ya fi madubi kyau, akwai abin da sai hannu. Tabon kuturta da auduga ake shafa shi, mutum ya rufe ido a ga ko yana ji. Ƙazuwa kuma sai an buɗa tsakanin yatsu. Ga shi jan da kumburi ke yi a farar fata, a baƙar fata yakan koma ruwan toka ko ya ƙara duhu, kyamarar waya ta shafe bambancin.

Ɗalibin likitanci: Ƙari kan na Sista: ta waya abin da ka nuna kaɗai ake gani. A ɗakin duba marar lafiya likita kan hango tabo a baya ko tafin ƙafa wanda mai shi bai san da shi ba, ya ɗora masa gilashin da ke ninka girma sau 10. Sannan wa ake tambaya ko ya gamsu? Wanda kiransa ya shiga. Dattijon da ya kasa kunna bidiyon ya haƙura, ba wanda ya ji ta bakinsa.

Maman 'Yan Biyu: Kun manta da kunya. Wata gara ta tura hoto da ta tuɓe gaban baƙo.

Nas: Wata kuma ko da kuɗi ba za ta bar hoton jikinta a wayar wani ba, Anti.

Shugaban zaure: Kawu, yanzu ka daina ta waya ke nan?

Kawu: Ina! Gobe ma zan tura, ana duba yadda yake warkewa. Sai dai yanzu 'yata ke ɗauka min a tsakar gida da hantsi, ni hannuna rawa yake.