Mene ne bambancin karyewar haske da bazuwarsa, tun da duka biyun suna fitar da launuka?

Ɗaliba Mai Shirin Jarrabawa:
Assalamu alaikum malamai. An koya mana cewa haske yana karyewa idan ya shiga ruwa ko gilashi, sannan yana bazuwa idan ya ratsa siririyar kafa. Abin da ya shige mini duhu shi ne, a duka biyun hasken yana barin miƙaƙƙiyar hanyarsa, kuma duka biyun suna fitar da launuka irin na bakan gizo. To, a ina bambancin yake, kuma yaya zan gane wanda nake kallo?

Malamin Fiziks:
Wa alaikumus salam. Ki duba abin da ya sa hasken ya karkata, domin a nan suka rabu. Karyewa tana faruwa ne idan haske ya fita daga wani abu ya shiga wani da gudunsa ya bambanta a cikinsa. A sararin da babu komai yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, a cikin ruwa gudun yana sauka zuwa kusan 225,000, a gilashi kuma kusan 200,000. Haske yana tafiya ne a matsayin igiya, kamar igiyar ruwa. Idan ya shiga a karkace, ɓangare ɗaya na igiyar yana riga ɗayan rage gudu, sai ta juya, kamar yadda amalanke yake karkata idan tayarsa ɗaya ta riga ɗaya faɗawa yashi. Wannan ne ya sa cokali yake bayyana a karye cikin kofin ruwa, kuma shi ne tushen aikin tabarau. Kawalwainiyar da ake gani kan kwalta da tsakar rana ma karyewa ce, saboda iska mai zafi da ke daf da ƙasa ba ta kai ta sama kauri ba. Masanin lissafi Ibn Sahl ya rubuta ƙa'idar wannan karyewa a Bagadaza wajen shekarar 984, fiye da shekara 600 kafin Snell, wani masani ɗan ƙasar Holan, ya sake gano ta a 1621.

Bazuwa kuwa ba ta buƙatar hasken ya shiga wani sabon abu ko ya sauya gudu. Gefen wani shinge ko siririyar kafa kawai take buƙata, sai igiyar ta lanƙwasa ta shiga wurin da ya kamata ya zama inuwa.

Ɗaliba Mai Shirin Jarrabawa:
Na gode, Malam. Amma me ya sa ba na ganin hasken rana yana lanƙwasawa a bakin ƙofar ɗaki?

Injiniyan Sadarwa:
Ƙanwata, girman kafar ne yake hanawa. Bazuwa tana fitowa fili ne idan faɗin kafar ya kusanci tsawon igiyar (wato tazarar da ke tsakanin tudun igiya da na bayansa), tsawon igiyar hasken da ido ke gani kuwa yana tsakanin nanomita 400 da 700 ne kacal (nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita), saboda haka ƙofa ta yi masa faɗi nesa ba kusa ba. Igiyar muryar ɗan Adam tana iya kai mita guda, shi ya sa kike jin mai magana a bayan katanga alhali ba ki ganinsa. Grimaldi, wani malami ɗan Italiya, shi ya fara bayyana bazuwa a haske, kuma an buga bincikensa a 1665 bayan rasuwarsa.

Malamin Fiziks:
Game da launukan da kika tambaya, akwai gwajin da nake so kowane ɗalibi ya yi da hannunsa, domin ya fi haddace ma'ana amfani. A gilashi mai kusurwa uku, shunayya ce take fin karkata, ja kuma ya fi kowa tsayawa kusa da hanyarsa ta asali. Ki ɗauki faifan CD ki karkata shi ga fitila ɗaya a ɗaki mai duhu. Layukan da ke jikinsa su ne suke baza hasken, tazararsu kusan maikuromita 1.6 ce (maikuromita kashi ɗaya ce cikin miliyan na mita), kuma a nan ja ne yake fin nisa da hoton fitilar, saboda igiyarsa ta fi tsawo. Bakan gizo na cikin rukunin farko, wato karyewa, tun da haske ne yake karyewa a ɗigon ruwan sama, ya dawo daga bayan ɗigon, ya sake karyewa wajen fita. Launukan faifan kuwa na rukuni na biyu ne, wato bazuwa.