Danshi, laima ko raɓa? Kalmar da ta kusa kashe hawainiyar ƙanena

Jama'a, kalma nake nema, kuma ba don jarrabawa ba. Ina kiwon hawainiya a nan Jos. Mai a'uzubillahi ya yi yanzu mu wuce: ba ta da dafi, kuma tsoron da take ji na mutum ya fi wanda mutum yake ji nata. Tawa 'yar Yaman ce, irin mai tudu a ka kamar ta sa kwalkwali, wadda asalinta tsaunukan Yaman ne da kudu maso yammacin Saudiyya. Kalmar da ta tsaya mini a wuya ita ce wadda Bature ke cewa humidity.

Ƙanena da ke Abuja ya ga tawa, ya nace sai da ya samu tasa. Da ya kira ni yana tambayar yadda ake kula da ita, na ce masa a gurguje, "Ka dai tabbata akwai danshi." Ya ce, "An gama, Yaya." Bayan sati uku ya turo mini hoto. Ya shimfiɗa tsumma a ƙasan kejin yana kwarara masa ruwa safe da yamma, sannan ya naɗe kejin da leda don kada danshin ya gudu. A Abuja fa, cikin watan Maris. Ƙasa ta yi funfuna, baiwar Allah tana can saman reshe ta ɗaga kai sama, baki a buɗe, yawu na yauƙi. Likitan dabbobi ya ce ciwon numfashi ne. Ta sha, amma da ƙyar. Na fara yi masa faɗa, sai ya ce, "Yaya, danshi ka ce, danshi na yi." Na yi shiru, don gaskiyarsa ce. A kunnen Bahaushe, danshi abu ne da ake taɓawa da hannu: danshin ƙasa, danshin bango, rigar da ba ta gama bushewa ba. Abin da nake nufi kuwa ruwa ne da ke rataye cikin iska, ido ba ya ganinsa.

To na tambaye ku wace kalmar Hausa ce ta dace da humidity, kuma kun amsa, Allah ya saka da alheri. Bari in bi shawarwarin.

Laima ta fi yawan magoya baya. Kalma ce mai kyau, amma ta manomi ce: an yi ruwa, ƙasa ta yi laima, a fita shuka. Tana nan dai a ƙasa, inda danshi ya kai ƙanena. Ga shi kuma yaron yanzu in ka ce masa laima, abin tare ruwan sama zai ɗauko maka. Naso kuwa na bango ne da randa, ba na iska ba. Wani ya ce tururi. Wannan na ƙi shi da sauri, domin akwai wanda zai ji tururi ya kafa wa dabba butar shayi.

Wata 'yar'uwa ta kawo hazo, tana tunanin abin da ke sauka kan duwatsun Shere da asuba cikin damina. Na gane abin da take nufi. Matsalar ita ce in ka ce hazo a Arewa, hunturu ake ji: ƙura, tsagewar leɓe, kaushin ƙafa. Wato kishiyar abin da muke nema ke nan. Lokacin hazo ne ma'aunina na ruwan da ke cikin iska yake faɗowa ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, a ɗakin da cikin Agusta yake haura kashi 80.

Raɓa ce ta fi ba ni sha'awa, kuma a kanta zan ɗan daɗe, don ita ce ta buɗe mini yadda abin yake. Goggona ta zo daga Bukuru ta same ni ina fesa wa ganyen keji ruwa da asuba. Ta tsaya daga nesa, don har yau ba ta yarda da dabbar ba, ta ce, "Kai ɗan nan, raɓar ƙarya kake yi mata?" Na ce, "Ita ce, Goggo." Na yi ƙoƙarin bayyana mata lambar da ke jikin ma'aunin, ina ta kame-kame. Ta katse ni ta ce, "Wato dai iska ma tana da ciki. In ta ƙoshi da ruwa sai ta zubar." Wallahi duk karatun da na yi a kan abin nan bai kai wannan jimlar ba.

Haka lissafin yake. Iska mai zafi cikinta babba ne, mai sanyi cikinta ƙarami. A digiri 30 na Salshiyas, iskar da ta cika akwati mai mita 1 ta kowace fuska tana iya ɗaukar ruwa kusan giram 30. A digiri 15, giram 13 ya ishe ta. Saboda haka lambar da ma'auni ke nunawa ba yawan ruwan ba ne, yawan ƙoshin ne. Ruwan da ya ba da kashi 40 da rana, shi ne dai zai kai iska ga ƙoshi in dare ya yi sanyi, abin da ya yi saura ya sauka kan ganye. Wannan saura ita ce raɓa. Ke nan raɓa 'ya ce, ba uwar ba. Ba za ta zama sunan abin gaba ɗaya ba, amma tana da gurbinta.

Na so in tsaya a kan "ƙoshin iska", har na rubuta. Sai wani malami cikin masu amsa ya ce in na faɗi haka a bainar jama'a, za a ɗauka mutumin da ya kwana da yunwa ake wa ba'a, ko kuma maganar masu bori ce. Ya yi gaskiya. Kalmar iska a Hausa tana da 'yan rakiya da yawa.

Ga inda na tsaya: danshin iska. Kalma biyu, kuma ba a yarda a yanke ta biyun ba, don yanke ta ne ya jawo leda da tsumma. Na'urar auna shi, ma'aunin danshin iska. Ƙoshi kuma a bar shi don bayani, in mutum ya tambayi ma'anar kashi kaza cikin ɗari. Fesawar asuba da ta dare, raɓar hannu. Na so in bar ta raɓar ƙarya don girmama Goggo, amma kada a ce aikin banza ne.

Abin da ya sa na damu da bambancin shi ne 'yar Yaman ba ta son danshin iska iri ɗaya dare da rana. Masu kiwonta sun fi ba da shawarar kashi 30 zuwa 50 da rana, da dare kuma ya hau kashi 75 ko sama, tare da sanyi. Danshi mai yawa da sanyi da iska mai ratsawa, lafiya ne. Danshi mai yawa da zafi a rufe, shi ne gadon asibiti. Shi ya sa kejinta na raga ne, ba na gilashi rufaffe ba. Kuma hawainiya ba ta cika shan ruwa a kwano ba, ɗigon da ke bin ganye take lasa. Ni robar ruwa na huda da allura na ɗora a sama, tana ɗiga kan ganye, da faranti a ƙasa yana tarewa ina zubarwa. Ina kiranta 'yar ɗigo, ba wanda ya yi gardama. In kana son sanin ko ta sha ya ishe ta, dubi farin da ke gefen kashinta. Fari ko ruwan madara, lafiya. Ya koma ruwan goro, ido kuma ya faɗa, ƙishirwa ce. In iska ta bushe da yawa, saɓarta takan maƙale a yatsu da ƙarshen jela ta shaƙe su.

Zafi bai ba ni wahalar kalma ba, ma'aunin zafi kowa ya san shi. Reshen da ke ƙarƙashin ƙwan fitila na sa masa suna wurin hantsi, don abin da ƙadangare ke yi a kan katanga ke nan. Wurin ya kai digiri 29 zuwa 32, sauran kejin 22 zuwa 27, da dare ya sauko ƙasa da 20. A nan Jos ta yi mana gata: tsayinta ya kai mita 1,200 daga teku, sanyin dare kyauta ne, sai dai a Disamba da Janairu in rufe taga. Ƙanena kuwa yaƙinsa na rage zafi ne, in aka ɗauke wuta da rana sai ya kai ta ɗakin da ya fi inuwa. Da safe za ka ga ta yi duhu ta baje haƙarƙari tana karɓar zafi, ba fushi take yi ba. Akwai fitila ta biyu mai hasken UVB, wanda da shi jikinta ke sarrafa sinadarin ƙarfin ƙashi. Babu shi, ƙafa takan lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi laushi. Hasken ba ya ratsa gilashin taga, kuma ƙwan yakan rage ƙarfi cikin wata 6 zuwa shekara ko da yana ci.

Tsire masu rai su ne suke riƙe danshin iska bayan an fesa, su ne inuwa, su ne maɓoya, su ne kofin shan ruwa. Na roba ba ya yin haka, kuma 'yar Yaman tana yagar ganye ta haɗiye. Ina da potos, mai yaɗon nan da ganyensa ke kama da zuciya, da wata ƙaramar 'yar'uwar cediya, sai dai in na yanke reshe ina barin ƙaron ya bushe don yana damun ido. Tumfafiya, tinya da zaƙami ko kusa. Duk abin da ka saya wajen masu fulawa na bakin titi, wanke ganyen sosai saboda maganin ƙwari, sake masa ƙasa, ka rufe saman tukunyar da duwatsun da suka fi bakinta girma. Wanda ta fi so shi ne jar fulawar nan dangin rama da yakuwa, ganye da fure duk takan ci. Tun muna yara muke jin "hawainiyarka ta kiyayi ramata", sai ga shi ni da kuɗina nake sayo mata dangin ramar.

Wannan ya kawo ni ga kalmar da ta rage, wato sunan mazauninta. Keji yana sa mutum ya ga waya da sanda ɗaya, irin na aku. Akurki na kaji ne. Wani dattijo ya kawo garka, wato ɗan lambun da ake kewayewa a bayan gida, kuma ta kwanta mini, don duk wanda ya ji garka ya san sai da shuka. Na gwada ta a kan ƙanena jiya a waya. Na ce, "Yaya garkar?" Ya ce, "Lafiya lau, Yaya, danshin iska 45, ƙasa a bushe." Mutanen Sakkwato da Katsina, ku gaya mini ko garka tana da wata ma'ana a wajenku kafin in manna ta.